Bulala Uku

Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, wanda ya rasu a shekarar 870, ya bar wani ɗan littafi a kan ladubban masu koyar da yara. A ciki ya yi wa bulala iyaka: kada ta wuce uku sai da izinin uban yaro, kada a yi ta cikin fushi, kada ta sauka a fuska ko a ka. Ya kuma ware babi guda a kan adalci tsakanin yara, inda ya ɗora wa malami nauyin daidaita ɗan mai hali da ɗan matalauci. Mahaifinsa shi ne Sahnun mai Mudawwana, ginshiƙin fiƙihun Malikiyya, don haka mu nan ba mu da bakin cewa maganar baƙo ce. Bayan kimanin shekara ɗari biyar Ibn Khaldun ya ƙara da nasa a Muƙaddima, cewa yaron da aka yi wa rainon tsanani yakan tashi da kasala da ƙarya, don tun yana ƙarami ya koyi nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba, saboda tsoron hannun da ke kansa.

Yanzu masana ilimi suna ta maganar koya wa yaro sanin halin da zuciyarsa ke ciki, da danne fushi, da tausayin abokin zama, da iya faɗin abin da ke damunsa. Ni da ƙarfina ya ƙare tsakanin aji da ofishin hedimasta, abin da na gani shi ne wannan tarbiyyar ba ta taɓa ɓacewa daga makarantunmu ba. Rabonta ne ba a taɓa yi daidai ba. Akwai waɗanda aka koya wa riƙon kai da tsayuwa gaban manya su yi magana, akwai kuma waɗanda aka koya wa yin shiru, kuma duka biyun tarbiyya muke kiransu.

A zauren da na yi karatun allo dorina tana rataye a bakin ƙofa, kuma iyayenmu sun yi imani cewa inda bulalar malam ta taɓa wuta ba za ta ci ba. Uku kam ana wuce ta kafin hantsi. Amma wanda ya tsaya a kan dorina kaɗai bai san makarantar allo ba. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Mai kaifin kai ya wanke ya wuce, mai nauyin kai ya kwana a kan babbaƙunsa, ba wanda zai tara jama'a a ƙarshen zango ya karanta cewa wane ne na ƙarshe. Gardi yana biya wa titibiri, titibiri yana biya wa kolo, sai yaro ya saba da ɗaukar nauyin na ƙasa da shi tun bai iya wanke rigarsa ba. Malam ya san ubanka da kakanka, ya san ranar da aka yi rasuwa a gidanku. In kuka ya ƙi tsayawa, cikin gida ake tura ka wurin matar malam, wadda muke kira Inna, ta ba ka ɗumame ta share maka hawaye. Sunanta ba ya cikin kowane tsarin karatu, amma rabin aikin ita take yi. Wanda ya sauke ya shiga littattafai kuma, Ahalari zai fara riƙewa, kuma kafin a kai ga alwala sai an bi ta kan kiyaye harshe daga zagi da izgili da tsorata ɗan'uwa.

Ko a wannan zauren rabon bai zo daidai ba. Mu 'yan gari in an tashi gida muke komawa. Almajirin da aka kawo daga nesa sai ya ɗauki ƙoƙonsa. A da abin yana da tsari: da damina yana gonar malam, da rani yana da uwar ɗaki a cikin gari wadda yake yi wa ɗebo ruwa da shara, ita kuma ta ajiye masa tuwo, in ya yi zazzaɓi ta jiƙa masa magani. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, baitulmali ya koma hannun wata hukuma mai wasu buƙatu, haraji ya koma na tsabar kuɗi, garuruwa suka yi ta cika. A hankali uwar ɗaki ta yi ƙaranci, bara ta yi yawa.

Mata kuwa, wadda ta fi kowa gane cewa makaranta ba ta isa ga kowa ba ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Mahaifinta ya riga ya soki malaman da ke karantar da almajiran waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. Ita kuma ta mayar da sukar aiki. Ta naɗa jajoji, dattawan mata masu kamun kai, ta ba kowace malfa da jan rawani, su jagoranci tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su haddace waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci, su koma su koya wa matan aure da ba sa fita. 'Yan Taru ke nan. Da yawan waɗannan matan yaƙi ne ya raba su da garuruwansu, wasu kamammu ne da ba su daɗe da shiga sabon gida da sabon addini ba. Abin da ake koya musu bai tsaya ga salla ba, ya haɗa da haƙuri da zaman tare da jinyar mara lafiya da sulhu tsakanin maƙwabta. Duk wanda yau yake neman yadda za a koyar da wanda tashin hankali ya ɗaiɗaita, to an taɓa yi a ƙasar Sakkwato, da ƙafa da jaki.

Boko ta gwamnati ta shigo ta Nassarawar Kano a 1909, a hannun Hanns Vischer, ɗan asalin Suwizalan da muke kira Ɗan Hausa. Gidansa yana nan har yau an mayar da shi gidan tarihi. Tun ranar farko makarantar a rarrabe take: sashen 'ya'yan sarakuna daban, na malamai daban, na koyon sana'a daban. Da Hausa ake koyarwa, yara da rigunansu na gida, gaisuwa irin ta gida. Ana yaba wa Ɗan Hausa da wannan, kuma ya cancanci wani abu daga yabon. Sai dai dalilin Turawan mulki ba ɓoyayye ba ne. Sun ga 'yan bokon Legas suna rubuta jaridu suna ja da gwamna, ba sa son irinsu a Arewa. Yaron da suke so shi ne wanda zai iya lissafin haraji, ya kuma faɗi ya yi gaisuwa.

Kwalejin Katsina ce ta fi nuna wannan tunani a fili. Ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a watan Maris na 1922, kuma a jawabinsa ya nuna cewa ladabi da kyakkyawar ɗabi'a ne gaba, karatun littafi in babu su ba shi da wani daraja. A nan kam an zuba wa yara kulawa. 'Yan gomomi ne kawai daga dukan lardunan Arewa, shekara biyar suna kwana suna tashi tare, malamai sun san kowa da halinsa. Ana gyara musu lafazin Turanci harafi-harafi, ana sa su muhawara, ana ba manyansu shugabancin gidajen kwana don su saba da yanke hukunci. Da yamma ga kurket, ga wasan fayif, ƙwallon nan da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardauna bai daina ba har yana Firimiya. Wasan nan ba don motsa jini kaɗai ba ne. A cikinsa ake koyon shan kaye ba tare da ɓacin rai ya fito a fuska ba, da cin nasara ba tare da fankama ba. Sardauna Ahmadu Bello ya shiga a 1926, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1928. Natsuwar da duniya ta gani a Ɓalewa in ya tashi magana, wani ɓangarenta halitta ce, wani ɓangaren kuwa koya masa aka yi, da gangan, da kuɗin harajin manoman da 'ya'yansu ba su taɓa jin sunan kwalejin ba. Ita ce ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ta zama Barewa.

Ɓalewa ba ɗan sarki ba ne, mahaifinsa ma'aikaci ne a gidan hakimi, kuma wannan ya nuna wata karkatacciyar ƙofa da tarihi ya buɗe. Da yake mutane suna ƙyamar boko, in aka ce wa hakimi ya kawo yara kaza, ya ce wa dagaci, mai hali yakan ɓoye nasa ko ya fanshe shi da tunkiya. Wanda ake kamawa shi ne ɗan bara, ɗan bawa, maraya, wanda ba shi da mai tsaya masa. Wasu daga cikinsu suka haye elementare, suka haye midil, suka dawo suna sa hannu a takardun waɗanda aka ɓoye. Ba adalci ne ya kai su ba, rashin gata ne, kuma 'yan ƙalilan ne suka kai ƙarshen tsanin. 'Yan mata kuwa sai a 1930 aka buɗe musu cibiyoyi a Kano da Katsina, inda Sarki Muhammadu Dikko ya ba da goyon baya, kuma mafi yawan na farkon daga gidajen sarauta suke, ana koya musu tsafta da ɗinki da raino tare da ɗan karatu.

Ko littafin da ya fi kowane shiga ranmu a firamare, Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta aka fara bugawa a 1937, in ka duba tarbiyyar fada ce. Aku ne yake ba ɗan sarki labarai don ya hana shi garaje, daga baya ya zauna yana koya wa nasa ɗan yadda ake zama da sarakuna. Mun ƙaru da shi ƙwarai, ba na musu. Amma mu 'ya'yan manoma muna karantawa ne kamar masu leƙe ta katanga, muna jin yadda ake rainon wani.

Wanda ya juya tambayar shi ne Malam Aminu Kano, shi ma ɗan wannan kwalejin ne lokacin tana Kaduna. Ya koyar a Midil ta Bauci, inda ya shaƙu da Sa'adu Zungur, ya yi karatun koyarwa a Landan, ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, ya koyar a Maru, sannan ya ajiye aiki a 1950 ya shiga jam'iyyar NEPU. A aji yana sa yara wasan kwaikwayo da ke yi wa zalunci dariya. A waje kuma mutane suna cewa shi ya koya wa talaka cewa a'a. Ni a ganina wannan ma darasin zuciya ne, kuma shi ne wanda aka fi hana ɗan talaka. Yaron da bai san yana da mutuncin da zai ƙi wani abu ba, haƙurinsa ba haƙuri ba ne, tsoro ne.

Sai 1976. A watan Satumba gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin firamare kyauta ga kowa, UPE. An yi tanadin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, kusan miliyan 3 suka zo. Ina cikin sababbin malaman da aka watsa ƙauyuka a lokacin, a ƙasar Katsina, tana cikin Jihar Kaduna. Ba a taɓa yin ranar adalci irin wannan ba a tarihin ilimin ƙasar nan, kuma ina faɗin haka da zuciya ɗaya. Ɗan maƙeri da ɗan dagaci da 'yar mai tallar fura suka zauna a tabarma guda. Amma ajina gindin bishiya ne, allon a jingine da kututture, kuma abokan aikina wasu ba su daɗe da gama firamaren ba aka yi musu gajeren kwas aka ba su alli. A shekarar aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ta cike wannan giɓin ta hanyar karatu daga nesa.

Mutum ɗaya da yara sun fi ƙarfin idonsa me zai yi? Zai naɗa monita ya rubuta sunayen masu surutu. Zai yanko tsumagiya. Gwale-gwale, kamun kunne, tsallen kwaɗo, duka a nan suka yi kasuwa. A manyan azuzuwa har tara ake ci in yaro ya yi Hausa, ga shi da Hausar kaɗai zai iya cewa cikinsa na ciwo ko babarsa ta bar gida. Iyaye in sun zo ba ƙara suke kawowa ba, cewa suke, “Malam, a ƙara masa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.” Muka ɗauko dorinar makarantar allo muka baro Inna, muka ɗauko monitan Kwalejin Katsina muka baro malamin da ya san kowa da halinsa. Gwamnati ma hanyar ta bi: a ƙarshen shekarun 1970 ta tura sojoji makarantun sakandare don ladabtarwa, a 1984 kuma aka zo da Yaƙi da Rashin Ɗa'a.

A takarda an san da matsalar. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a sa jami'an ba da shawara a makarantu, ta kuma ce a fara koyar da yaro da harshensa. A makarantun da na sani, muƙamin mai ba da shawara ana liƙa wa wanda darussansa suka fi kaɗan ne, ofishinsa kuma ɗakin ajiyar fartanya. Da kuɗin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, albashi ya fara makalewa, aka zo da tsuke bakin aljihu na 1986, masu hali suka fara kwashe 'ya'yansu. Kwalejojin horon malamai na kwana, inda aƙalla ake ɗaukar shekaru ana gyara halin wanda zai riƙe aji, aka bi su aka rufe. An yi ƙoƙarin kai makaranta ga waɗanda aka bari a baya: hukumar ilimin makiyaya a 1989, shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, makarantun almajirai na zamani da Shugaba Jonathan ya buɗe ta farkonsu a Gagi a 2012, sai hukumar almajirai da yaran da ba sa makaranta a 2023. Kusan dukansu lissafin gini da kujera suke yi. Yau a birni ɗaya za ka ga makarantar kuɗi inda malama ke durƙusawa daidai tsayin yaro ta tambaye shi abin da ya ɓata masa rai, ka tsallaka titi ka ga aji mai yara fiye da ɗari inda mai koyarwa bai san sunan rabinsu ba. Gidajen mari da 'yan sanda suka fasa a Kaduna da Daura a 2019, aka fito da mutane da sasari a ƙafa, can ne ƙarshen wannan hanyar, kuma iyaye ne da kansu suka kai yawancinsu, don ba su san wani wurin da za a saurari ɗansu ba.

Wannan darasin zuciya da ake kawo mana yanzu daga Amurka, a makarantun talakawa ya tsiro. A 1968 wani likitan ƙwaƙwalwa baƙar fata, James Comer na Jami'ar Yale, ya shiga firamare biyu mafiya koma-baya a birnin New Haven, inda kusan dukan yaran 'ya'yan baƙaƙen fata ne marasa hali. Bai fara da sabon littafi ba. Ya zaunar da iyaye da malamai da ma'aikatan lafiya a kwamiti guda, aka daina neman mai laifi, aka koma tambayar me ke damun yaron. Sai da aka haura shekara goma kafin sakamakon jarrabawa ya kamo na sauran ƙasar. A 1994 masana suka raɗa wa fannin suna, littafin Daniel Goleman na 1995 ya yaɗa shi duniya.

Mu kuwa ta ƙofar masifa ya shigo mana. Bayan hare-haren Buni Yadi da Chibok a 2014, da dubban yaran da suka gudo daga Borno da Yobe, aka buɗe cibiyoyin karatu na wucin gadi a Adamawa da Bauci da Gombe da Yobe, daga baya da Borno, da kuɗin hukumar USAID, ana koyar da karatu da lissafi tare da darasin zuciya. A Diffa ta Nijar ma ƙungiyar IRC ta yi irinsa. Wata tsohuwar ɗalibata da aure ya kai ta Gombe ta koyar a ɗaya daga ciki. Da ta zo gaishe ni na tambaye ta me suke yi. Ta ce, “Baba, da safe kowa sai ya faɗi yadda ya tashi, ko da murna ko da tsoro. In an ji ƙarar salansa yara suka ruɗe, sai mu ja numfashi tare mu ƙirga. Kuma an hana mu duka sam.” Na ce, to yaya kike da masu ƙiriniya? Ta ce akwai yaron da ya yi wata biyu bai ce uffan ba, kullum yana dukan na kusa da shi, ranar da ya buɗe baki labarin yadda aka kashe yayansa ya bayar, daga nan dukan ya ragu. Ta ce, “Da a makarantarmu ta da ne, Baba, da tsumagiya ta ƙare a kansa.”

Yaran cibiyarta ba su kai rabin ajin gwamnati ba, kuma akwai mai zagayowa yana duba ta yana ba ta shawara. Shirin na kimanin shekara uku ne, ya ƙare, ita ma hukumar da ta biya kuɗin an rufe ta a 2025. Ɗalibar tawa yanzu tana wata firamaren ƙaramar hukuma da aji biyu a haɗe saboda ƙarancin malamai. Ta ce tana nan tana tambayar yadda aka tashi, amma layi ɗaya take iya bi kowace safiya, don in ta ce sai ta ji kowa, har a tashi tara ba ta gama ba.